Baba Sai-Gobe da Batirin da Ya Daina Ƙarya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake ɗaga ƙofar shagonsa, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin tela da mai kwafin takardu. Kafin ya zauna sai ya bi kwamfutocin da ya jera a kan kanta, yana ɗora bayan hannunsa a kan kowacce kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. Wadda ta yi zafi ya ɗaga ta a kan 'yan katako ta sha iska. Wadda ta mutu da kanta ya dubi agogo ya rubuta lokacin. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyara. Da rediyo ya fara, ya ƙare a kan batirin kwamfutar tafi-da-gidanka. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don ido ya gaji.

Baba Sai-Gobe ake ce masa, kuma da tsokana sunan ya fara. Duk wanda ya kawo kwamfutar da ke mutuwa alhali tana nuna saura caji kashi arba'in, amsa ɗaya ce: ya ajiye, sai gobe. Sauran masu gyara na layin kuwa ko buɗewa ba sa yi. Su ce batir ya mutu, a sayi sabo. Mu kuma mu gyaɗa kai, don mun saba da jefar da abin da ba mu fahimta ba. Wannan lalaci shi ke cin mu, kuma har muna kiransa wayewa.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Bara ta yi rajistar jarrabawar ƙarin girma, awa uku a kan kwamfuta, kowa da tasa. Wanda ya faɗi sai ya jira shekara biyu, ita kuwa ta riga ta jira sau ɗaya. Saura kwana huɗu kwamfutarta ta fara ɗaukewa ba sallama. Shago uku ta shiga, duka suka ce batirin irin tata sai an yi odarsa, mako biyu.

Daga ƙarshe ta kai wa Baba. Ya juya kwamfutar, ya shafa bayanta, ya tambaye ta ko a kan katifa take aiki da ita, ko kuma kullum a jone take barinta. Ta amsa duka biyun tana sunkuyar da kai.

"'Yata, ke da ke hana marar lafiya rufa da bargo cikin zazzaɓi?" in ji shi. "Batirinki bai mutu ba. Mai ƙirga cajin ne lissafi ya ɓace masa, don ya daɗe bai ga farko ba, bai ga ƙarshe ba. Za mu nuna masa."

Ya cika shi fal, ya bar shi a jone awa biyu. Ya cire, ya bar kwamfutar tana aiki har ta mutu don kanta. Ya bar ta ta huta awa biyar, sannan ya sake cika ta ba tare da katsewa ba. Da Yaya ta leƙo da yamma tana roƙon ya hanzarta, tela ya yi dariya ya ce ko matar Baba ta kawo tata sai gobe. Washegari ya miƙa mata kwamfutar da ɗan salatif manne a ƙasanta, kamar yadda yake yi wa kowa. A kai ya rubuta kwanan wata, sannan: awa uku da minti ashirin, in an rage hasken fuskar kwamfutar.

Ranar jarrabawa, minti goma da farawa aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Mai tsaron jarrabawa ya ce lokaci ba zai tsaya ba. Wata abokiyar aikinta da ke gefenta ta ba ni labarin yadda kwamfutoci suka riƙa mutuwa layi-layi, wasu suna nuna kashi talatin. Yaya ta rage haske ta ci gaba. Ta tura amsarta ta ƙarshe batir yana nuna kashi goma, kuma goman gaskiya ce. Yau ita ce shugabar sashenta.

Baba, kai ne mai gyaran da bai taɓa kashe abu mai rai don ya sayar da sabo ba. Kai ne kuma in batir ya kumbura ba ka ɓoyewa, ka ce wannan kam ya gama, ka ajiye shi cikin bokitin yashi kada a jefa shi bola ya kama da wuta. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka lambar yabo ba. Waɗanda ake bai wa ma, da yawansu ba za su iya nuna abu ɗaya da suka gyara ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya idon da ya ƙare a kan aikinmu.

Ku kuma matasan layin da za ku gaji kwastomominsa, saura kwana goma sha ɗaya ya rufe. Ku je ku zauna kusa da shi, ku koyi buɗe abu kafin ku yanke masa hukunci. Yaya ta je yi masa godiya makon jiya, ya juya kwamfutar ya dubi salatif ɗin, ya ce duk wata uku ake saita lissafin batir, kuma sun daɗe da cika, lokacin sake saiti ya yi. Ta ajiye ba musu. Ita da bakinta ta ce masa sai gobe.