Buhu Biyu Marasa Alama

Ni na jawo aka kama motar kawuna a kan iyaka. Na daɗe ina ɓoyewa, yanzu na daina.

A Rogo Ruma, in za a haɗa lodin gyaɗa zuwa ƙetare, kowa da alamar buhunsa: wani jan zare, wani zanen gawayi. Nawa baƙin zare ne. Amma a wannan tafiyar na cusa buhu biyu ba alama, sama gyaɗa, ƙasa takin zamani da aka hana fitarwa. Da jami'an kwastan suka soka ƙarfe, taki ya zubo. Aka tambayi mai shi, na yi shiru. Suka riƙe motar da kayan kowa, ga shi da ita kawu yake ciyar da gidansa.

Ƙungiyar 'yan kasuwa ta haɗa ƙararmu da ta wasu, ta kai kotun ƙasashen yankinmu. Da kyar hukunci ya fito: a riƙe haramtaccen kaya, a saki mota. Ni aka ba takardar, don na ɗan yi firamare.

Na kai wa babban jami'in kwastan, ya karanta, ya miƙo mini.

"Malam, ba wannan kotun ke ba ni umarni ba. Sai gwamnati ta rubuta wa hedikwata, hedikwata ta rubuto mini. Kuma har yau ba mu san mai buhu biyun nan ba."

"Ranka ya daɗe, ga shi a gabanka. Rubuta."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani. Laifina buhu biyu ne. Sauran motar fa, laifin wa?"

Suka tsare ni kwana tara. Da na dawo, kawu ya ce, "Ɗan nan, ashe da wannan a cikinka kake cin tuwona?" Daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

Na roƙi Allah gafara, na roƙi kawu. Jami'an kuwa ban roƙe su ba. Duk wata sai na je na ajiye musu takardar a tebur, har suka riƙa ce mini lauyan gyaɗa. Na ce na ji, a dai karanta.

Da umarnin ya iso daga hedikwata, gyaɗar ta ruɓe, injin ya daskare. Janyo motar muka yi har ƙofar gida. Kawu ya fito, ya zagaya ta, bai dube ni ba.

"Kai," ya ce, "sa mata dutse a taya, kada ta gangara."

Na sa.