Wosta Subhan da Kwalin Ashanarsa

Kowace safiya, kafin ya taɓa almakashi, Wosta Subhan (Wosta muke kiran gwanin sana'a) yakan ajiye kwalin ashana a gefen keken ɗinkinsa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana ɗinka feran a shagonsa na bakin gada a garinmu Sopore. Duk yadin da aka kawo masa sai ya zaro sili ɗaya ya cinna masa wuta. In ya zama toka yana warin ƙonannen gashi, ulu ne, sai ya ɗauko tef ɗin awo. In ya narke ya dunƙule kamar kwalta, sai ya miƙa wa mai shi kayansa.

Mu nan ba ma fama da jibgegiyar kwat. Feran muke zurawa, doguwar riga mai faɗi, mu rungume kaskon garwashi a cikinta. Wato kowannenmu wata uku yake yi yana yawo da wuta a ƙarƙashin tufa. Tartsatsi in ya faɗa wa ulu, huda yake yi ya mutu. Yadin roba kuwa kamawa yake yi, ya manne da fata.

Na karanta wannan, na ma koyar da shi a aji. Shekara takwas da suka wuce matata Saja ta sayo wani yadi mai laushi, marar nauyi, don kafaɗunta sun gaji da ulu. Subhan ya gwada, ya ƙi ɗinkawa.

"Malam, wannan ba riga ba ce, likkafani ne."

"Kai tela ne ko ɗan kwana-kwana?" na ce. Shago ya kwashe da dariya. Na kai wa wani tela, ya gama a kwana biyu, har da ado a wuya.

Da hantsi ne, ta sunkuya za ta sauke tukunyar shayi, kaskon ya karkace. Kwana tara ta yi a asibiti, ta rasu. Littattafaina suna nan lafiya lau.

Makon jiya 'yata Shagufta ta shigo da sabon yadi, da cikinta wata bakwai, ga kwana arba'in na tsananin sanyi sun ƙarato. Na taɓa shi, na ji laushi irin na yadin Saja. Na ja ta zuwa bakin gada, don na ji Subhan zai rufe shago, idanunsa sun daina ganin kafar allura.

"Ido ya tafi, 'yata, hanci dai na nan," ya ce, ya ƙyasta. Silin ya narke, ya dunƙule.

"Haba Baffa, an fa rubuta ulu zalla a jiki!"

"Ubanki ma ya iya karatu."

Ba wanda ya yi dariya. Ya lalubo ragowar ulunsa, ya auna ta, ya ƙara taƙi biyu saboda cikin. Wannan ce riga ta ƙarshe da ya ɗinka.

Kai ne Subhan, telan da ke korar ciniki da hannunsa. Kai ka ɗauki makarar Saja tare da ni, shekara takwas ba ka taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, sai ranar da ka ga za a maimaita. Mutane nawa ke yawo a garin nan da fatarsu lafiya, ba su san albarkacinka suke ci ba?

Na gode, Wosta. Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma teloli matasa, masu ɗinka duk abin da aka ajiye muku, ku ƙona sili ɗaya kafin ku yanka. Ba ya ɗaukar minti guda.

An ce shagonsa zai koma na sayar da rigunan roba. Kwalin ashanar ya ba ni, yana aljihuna. Jiya na tare matar maƙwabcina a hanya na ce ta ba ni silin rigarta. Ta yi mini dariya, irin wadda na yi.