Baba A'a da kofin shayinsa

Kullum da hantsi zai rataye hularsa a bayan ƙofa, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa mai tari kafin ta tashi, ya buɗe saƙonnin masu neman gyara. Shekara ashirin da biyu yana kula da wani ɗan harshen kwamfuta, wanda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke rubuta manhajarsu da shi. Baba A'a ake ce masa a ofis, kuma ya ci sunansa.

Matasa kan zo da ɗokin abin da suka gani a manyan harsuna, su ce a aro. Ba ya musu da kowa. Sai ya zuba shayi, ya kira wata tsohuwar nas mai zuwa ran Laraba, ya ce a koya mata sabon abin kafin shayin ya huce. In ta gane, an karɓa. In ta yi zuru, sai ya ce, "A'a. Zanen aro ba ya rufe katara."

Har 'yarsa, injiniya, ba ta tsira ba. Ta kawo wata dabarar kama kuskure tun kafin manhaja ta fara aiki.

"Baba, harshen da ba ya aro mutuwa yake yi."

"Wanda ya cika aro kuma, masu shi ne ke guduwa. Zauna ga shayi."

Sau biyu shayi na hucewa, nas na kallon silin. Rana ta biyu yarinyar ta fita da hawaye, shi ma bai iya cin abincin rana ba. Ta koma ta rage, ta sauƙaƙa. A karo na uku, tururi na tashi nas ta tafa hannu: "Au, dama wannan ne?"

Baba ya ce, "Eh." Masinjan ofis har leƙowa ya yi ya ga ko lafiya.

Baba A'a, kai ne mai tsaron ƙofar da ba ya hana baƙo shiga, sai dai ya goge ƙafa. Saboda kai, babu nas da ta wayi gari ta kasa karanta aikin hannunta. Mu 'yan ofis mun gode, Allah ya saka. Masu riƙon amana irin taka, su nemi nasu kofin.

Watan jiya Baba ya yi ritaya, 'yar ta gaji kujerar. Saƙon farko da ta buɗe nasa ne, ya ga wani abu a wani harshe, yana so a aro.

Ta zuba shayi ta ce, "Baba, sai Laraba."