Baba a Bakin Taga

Jama'a, sayen monita ta kwamfuta na fita yau, na dawo da hoton Baba.

Kun san mahaifina har ya rasu bai yarda a ɗauke shi hoto ba. Na shiga wani shago a Kakuri, ina neman babbar monita saboda wasan gem. Mai shagon ya ce, "Malam, turo hoto mu gwada." Na tura na Sallar bara, mu a tsakar gida. Ya buɗe, ya ce, "Wane ne wannan dattijon a taga?"

Na matsa kusa. Baba ne, yana leƙenmu, yana murmushi. A waya ban taɓa lura ba.

Na ce ya naɗe min monitar. Ga ta nan a kunne tun azahar. Ban sa gem ɗin ba.