Ranar da Aka Nuna Ni a Talabijin

Wata Asabar da yamma, bayan babbar sallar 2003, rabin ƙauyenmu ya taru a rumfar Malam Iro mai shayi, domin za a nuna Nafi'u ɗan Kawu Sale a talabijin. Daga gonar tumatir muka taso, ƙafafunmu duk taɓo, ko wanka a kanal ba mu tsaya yi ba. An ɗora akwatin a kan duro, janareta na tari a bayan rumfa, wani ya hau katanga yana juya gorar eriya ana yi masa ihu, "Dawo kaɗan! To, ya yi!" Sai ga Nafi'u cikin farar rigar makaranta a shirin kacici-kacicin 'yan firamare. Ya ɗaga hannu, ya faɗi sunan kogin da aka datse muke noman rani da ruwansa. Rumfa ta ɗauki sowa. Ni dai hannuna ya ƙi tafi.

Ajinmu ɗaya da Nafi'u, bencinmu ɗaya, tare muke korar tsuntsaye a gonar shinkafa, tare muke langa, kuma ni ma na san amsar nan. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni ranar da aka zaɓi masu tafiya Kano. Tun daga lokacin sunan Nafi'u ya koma "na talabijin". Malam Iro ya riƙa ƙara masa madara a shayi. Har mahaifiyata, idan ta aike mu kai abinci gona, cewa take, "Kai ɗauki kwanon, kada miya ta ɓata masa riga." Shi kuwa ko a jikinsa, bai taɓa yi mini fariya ba, wannan ma ya fi ƙona mini rai.

A wancan zamanin ba a nuna mutum a banza. Tashar Kano sai yamma take buɗewa: labarai, tafsiri, shirin manoma da iyayenmu ke saurara kamar huɗuba, sai wasan kwaikwayon da ke sa dattawa dariya har su share hawaye da bakin riga. Na ƙudurta sai na shiga akwatin nan. Ina ban ruwa fangali bayan fangali, ina haddar jihohi da manyan biranensu, har Baba ya fara tambaya ko da aljanu nake hira.

Ina sakandare a Kura burina ya cika, aka zaɓe ni muhawara, aka kai mu Kano aka ɗauka. Gida-gida na bi ina sanar da ranar da za a nuna. Sai dai kafin nan Malam Iro ya kafa dish mai kamo tashoshin waje a kan rumfarsa, samari sun kamu da wani shiri na ƙasar waje, inda ake kulle baƙi a gida ɗaya, su ci, su kwanta, su yi gulmar juna, duk mako a kori mutum guda. Ranar tawa ta faɗo ranar kora.

"Malam, don Allah a mayar Kano, yanzu za a nuna ni," na ce.

Ya mayar. Na ga kaina tsaye, na gaida alƙalai, na buɗe baki zan kawo hujjar farko, sai rumfa ta kaure. "Haba Malam, yau fa za a kori mai kitson nan!" Malam Iro ya dube ni, ya dubi masu sayen shayinsa, ya danna rimot. Wani ƙato ya bayyana kwance a doguwar kujera yana sakace. Shi aka zaɓa a kaina.

Nafi'u kaɗai ya miƙe. Ya goya ni a keke zuwa gidan hedimasta mai tsohuwar talabijin, muka tarar babu wuta. A hanyar dawowa ya ce, "Ni na gan ka, wallahi ka iya tsayuwa."

Yanzu tashoshi ba sa ƙirguwa, dare da rana ana nuna mutanen da ba su iya komai ba sai faɗa da kuka a gaban kyamara, 'yata kuma ta san sunayensu kaf. Kwanan baya ta tambaye ni ko an taɓa nuna ni. Na ce an taɓa. Ta ce, "Baba, su wa suka gani?" Na ce mutum ɗaya. Na samu abin da na nema, amma sai da masu kallo suka juya baya.