Baba Azariya, Mai Waldar da Ba Ya Toshe Bututu

"Sau nawa zan faɗa maka? Injin nan ba zai shiga hannunka ba."

"To hannun wa zai shiga, Kawu? Ni kaɗai ne jininka da ya rage!"

Haka muryoyi ke fitowa daga shagon Baba Azariya da hantsin Asabar, ranar da ya sa zai rufe shago saboda yanar ido. Matan da ke layin niƙa a maƙwabta duk sun tsuke baki sun baza kunne, har da masu rantsuwa su ba sa jin gulma. Mai ɗaga muryar Gershon ne, ɗan ƙanwar Baban, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda Baba ya riƙa tun yana rarrafe. Abin da ake ja a kai kuwa injin walda ne.

Shekara talatin da biyu Kafanchan ta san tsohon nan da abu ɗaya. Ƙarfe shida ya turo kekensa ya tsallaka layin dogo, ya share bakin shago, ya yi addu'a a tsaye da hula a hammata, sannan ya ja injin waje. Ƙofa, taga, garma, tukunyar burkutu da ta huje, duk yana gyarawa. Abu ɗaya ne ba ya yi ko za a yanka shi: ba ya toshe bututun ƙarfe ta baki ɗaya. Ko dai ya bar baki biyun a buɗe, ko ya liƙe su duka, don da bututu mai toshe ta baki ɗaya ake ƙera bindiga.

Madam Oge mai shagon abinci ta taɓa kawo masa bututu ya toshe mata gindi, za ta yi ƙafar rumfa. Ya liƙe sama da ƙasa. Ta ce, "Baba, ni na yi kama da mai harbi?" Ya ce, "Ke ba ki yi ba, Madam. Amma rumfa tana tsufa, bututu ba ya tsufa." Ta tafi tana mita da yarensu, kuma har yau rumfar na tsaye.

Mutane da yawa ba su san inda ya samo wannan taurin kai ba. Baba Azariya tsohon sojan sama ne, aikinsa ɗaura makamai a ƙarƙashin fiffiken jirgi. Yana saurayi aka tura shi Rasha koyon aiki. Can, in ji shi, ya hango wani ƙaton jirgin yaƙi mai farfela, ɗauke da makami mai linzami a ƙarƙashin cikinsa. Makamin har fiffike gare shi, girmansa ya kai ƙaramin jirgi, babban jirgin kuwa kamar akuya mai ciki wata biyar. Wani tsohon malaminsu ya ce musu a sama ake tayar da injinsa a sake shi tun da sauran tafiya mai nisa, kuma ya fi sauti gudu, sai ya isa kafin a ji zuwansa. Masu jirgin kuma su juyo gida su ci abinci, ba su ga fuskar kowa ba.

Baba ya ce ba girman abin ne ya hana shi sukuni ba. Tunanin mai ɗaurawa ne, wanda ke ƙasa da sifana a hannu, shi ma ba ya ganin kowa. Aikinsa ke nan shi ma, kuma ya yi shi shekara ashirin. Da ya ajiye kaki bai sake yarda hannunsa ya haɗa abin da wani zai saki ba.

Shekarar da aka ƙona ƙauyuka uku a jere, wasu maza suka kawo masa bututu goma sha biyu a naɗe cikin tabarma. Ya ce su dawo jibi. Da suka dawo sai suka tarar ya mayar da su gadaje uku, an kai wa tsofaffin da ke gudun hijira a majami'a suna kwana a siminti. Milka mai niƙa ta gani da idonta, ta ce ɗaya daga cikin mazan ya tofa masa yawu a riga. Daga nan aka sa masa matsoraci. Aka daina kiransa taron dattawa. Matar wani dattijon ikkilisiya, ba zan kama suna ba, ta san kanta, ta kwashe aikinta ta kai Gidan Waya, aka yi mata ƙofar da ba ta rufuwa.

Daminar bara kuma aka kashe Tamar, uwar Gershon, a gonarta. Baba ne ya wanke ƙanwarsa, shi ya sa ta a rami. Washegari ƙarfe shida ya buɗe shago.

Kai ne, Baba Azariya, wanda ya san hanyar haɗa mutuwa fiye da duk masu kumfar baki a garin nan, ka zauna kana liƙe tukwane. Kai ne ka gyara ƙararrawar majami'armu, ka kuma yi wa Malam Jamiluddeen ƙofar makarantarsa a mako guda, aka zage ka ta nan aka zarge ka ta can. Ba a ba ka lambar yabo ba, ko kaza ba a yanka maka ba. Mun gode, soja mai hannun gyara. Masu walda da maƙeran da suka rage, daga nan har Kajuru, ku riƙa tambayar abin da za a yi da aikin hannunku kafin ya bar shagonku.

A cikin shago kuwa magana ta zo ƙarshe.

"Na ba Meshak yaron shagona injin," in ji Baba. "Ya yi mini alkawari a gaban fasto, zai bi dokata."

"Meshak? Ba danginka ba, ba yarenka ba! Mama tana ƙasa, Kawu, kai kana maganar doka!"

"Ni na sa ta a ƙasan. Ba zan sa ka ba, ba kuma zan sa ɗan wani ta hannunka ba."

"To ranar da ka mutu, Meshak ya haƙa maka."

"Gershon, zo nan. Zo ka zauna."

Baba ya miƙa hannu, amma ya miƙa shi wajen taga ne, don idon ba ya nuna masa inda mutum yake. Gershon ya tsaya yana kallon hannun nan a iska. Sannan ya fita, ya buga ƙofar da ƙarfi har tsatsa ta zubo.