Bahijja da 'Yan Aji Biyar na Koki

A Jakara aka haifi Bahijja Salihu, a gidan da ɗinkin hula ya zama gado. Kakarta Hajo ce ke zana wa matan unguwa hula kafin su sa allura. Da idon tsohuwa ya fara rauni, Bahijja ta karɓi biron tana 'yar shekara goma sha biyu, kuma ba a taɓa dawo mata da hula an ce zanen ya karkace ba.

Da ta gama sakandare aikin jinya ta nema, don shi ƙawayenta suka nema. Ba ta samu ba. Sai kwalejin horon malamai ta ba ta gurbi a sashen zane. Ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, har mahaifinta, mai sayar da zare a kasuwar Kurmi, ya ce, "Ke da kika tashi cikin zane, yau shi kike gudu? Je ki gani tukuna."

Ta je, ta kuwa zauna daram. A can ta gane cewa abin da take yi a tsakar gida ilimi ne, har jarrabawa ake yi a kansa.

A shekara ta uku aka tura ta koyarwar gwaji a wata firamare a Koki, aji biyar, yara saba'in da ɗoriya. Ranar farko ta ce kowa ya zana abin da ransa ke so. Da ta tattara takardu, sai ga kofi, kofi, kofi, sai mota guda ɗaya tal. Ashe shekara da shekaru kofi ake zana musu a allo su kwafa.

Ta sami shugabar makarantar, Malama Lami. "Ranki ya daɗe, ina neman izinin fita da su lungun baya."

"Rabin awa," in ji Malama Lami. "In ɗaya ya ɓata, ke za ki yi wa uwarsa bayani."

Ta kai su gaban wani tsohon gidan ƙasa mai ado a fuskar zaure, wanda kullum suke wucewa ba su taɓa ɗaga kai ba. Maigidan, Alhaji Garba, ya fito ya tarar da yara cike da lungu sun zuba wa bangonsa ido.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Baba. Zanen gidanka muka zo koyo."

Ya yi dariya, ya sa aka shimfiɗa tabarmi, ya zauna yana ba su labarin maginin da ya yi adon da yatsunsa.

Makarantar ba ta da fenti. Bahijja ta daka gawayi, ta jiƙa zoɓo, ta samo shuni da jar ƙasa, ta dama kowanne da ƙaro. Ranar da malamin kwaleji ya zo duba ta, ya iske hannun kowa ya rine. Ya yi mata faɗa kan tsarin darasinta da bai kammalu ba, amma bai tashi ba sai da aka kaɗa ƙararrawa, kuma ya tambaye ta yawan ƙaron da take sawa.

Watannin gwaji sun ƙare, ta koma kwaleji. Duk da haka Malama Lami ta bar mata darasin ƙarshe na kowace Laraba. A ƙasa take takawa daga Jakara, da robobin launi a cikin jaka, tun daga bakin lungu yara ke rige-rigen gaishe ta.